Shuni a Kan Ƙanƙara

Tun da na dawo daga Ingila ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta ce ya hanya sai ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "Hajiya Rabi, wane irin lalle ne wannan Turawa suka sa miki a farce?" Na ba Lami labari, na ba Hajiya Uwani, na ba 'yan ajinmu na makarantar manya kaf, har muryata ta dushe, amma kowacce ta fita sai ta ƙara nata. Jiya har aka ce wai an gan ni a waya ina rawa a kan ƙanƙara. Ni? Da wannan gwiwar? To tunda Allah ya sa na iya riƙe biro, ko da yake da furfura na koya, ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta, wadda ta gudu daga aji ta nemi mai karanta mata.

Ɗana Nasiru likita ne a Manchester. Yana da 'ya mai sunana, shi ya sa suke ce mata Ummi, ni kuwa takwara nake ce mata. An daɗe ana gaya mini tana wasan ƙanƙara. Ni a zatona ƙanƙarar firji ce, irin wadda muke ɗaurawa a leda mu sayar da azumi. Na ce yarinya ce, za ta daina. Sai ran nan ya turo mini bidiyo. Na sa tabarau na duba. Na cire, na goge da bakin zane, na sake sawa. 'Yan mata ne a kan wani fili fari fat, suna gudu da takalmi mai wuƙa a ƙasa, suna juyi kamar mazari, kuma wallahi abin da ke jikinsu bai kai ɗankwalina ba.

Na kira shi. Ya ce, "Hajiya, abin da nake so ki gani ke nan. Yarinyar nan ta fara girma. Na ce mata gasar da za a yi a Birmingham ita ce ta ƙarshe, ta daina yi mini magana. Ke take jin maganarki. Ki zo ki gaya mata."

Na ce, "Wato ni zan zama muguwa, kai kana gefe kana murmushi?"

Ban jira amsarsa ba. Na ce, "Zan zo. Ko Birmingham ɗin ma ba za ta je ba."

Hanyar Abuja kun san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Direban da aka ɗauko mini gudu yake kamar ana binsa, sai da na ce masa ni jirgi zan hau, ba shi ne jirgin ba. A cikin jirgi aka kawo mini wani abu a ɗan kwano mai murfin azurfa, wai kaza. Na zaro yajina daga jaka na ceci kaina. Banɗakinsu kuwa, ka danna wani abu ya yi wata ƙara kamar zai zuƙe ka, sai da na yi salati da ƙarfi har wata ma'aikaciya ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Da muka sauka, ni da kaina na karanta allunan har na kai layin masu duba fasfo, ban tambayi kowa ba. Wani saurayi ja mai gemu ya karɓi fasfona ya tambaye ni me ya kawo ni. Malaminmu ya koya mana mu ce ziyara. Amma ni ba na ɓoye abin da ya kawo ni wuri. Na ce masa, "I come to stop ice." Ya dube ni, ya dubi fasfo, ya fashe da dariya, ya ce in dai ƙanƙara na zo tsayarwa na makara, sanyi ya riga ya shigo, amma yana yi mini fatan alheri. Ya buga hatimi.

Wani kare ne ya tona mini asiri a wurin kaya. Ya zo ya zauna a gaban jakata kamar mai jiran sadaka. Aka buɗe, aka ɗauke kilishina gaba ɗaya, wai ba a shiga da nama. Matar da ke binciken ta ɗauki ƙullin daddawa ta kai hanci, ta mayar mini da sauri ba tare da tambaya ba. A ƙasan jakar akwai tsarabar surukata Asma'u, matar Nasiru: zanen rini sabo dal daga marina, an buga shi yana ta ƙyalli, shuɗi mai duhu da fararen ɗigo kamar taurari. Shi kam ko kallonsa karen bai yi ba. Ku riƙe zancen zanen nan.

Gidansu yana Old Trafford, gidaje a jere kamar haƙora, kowanne irin ɗan'uwansa. Ruwa kullum, ba na kirki ba, yayyafi mai naci. Na gaida maƙwabcinsu, na tambaye shi iyali da gajiya, ya ce "fine" ya rufe ƙofa. Amma ka taka ƙafar mutum a mota, shi zai ce maka sorry. Da safe aka kawo mini wake a kan burodi, waken ma da zaƙi. Na ce wa Asma'u, "'Yata, wa ya yi wa waken nan haka?" Washegari na karɓe kicin, na tuƙa tuwo na kaɗa kuka.

Takwara ta yi tsawo, siririya, Turancinta kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ko uban wani lokaci sai ya ce ta maimaita. Hausarta kuwa, ta rungume ni ta ce, "Hajiya, ka zo lafiya?"

Na ce, "Ka? Kin ga gemu a fuskata?"

Ta ce, "Daddy ya kawo ki ki hana ni, ko?"

Na ce, "Ƙwarai. Amma ni ba na yanke hukunci daga waya. Kai ni in gani da idona."

Muka hau ɗan jirgin ƙasan da ke ratsa gari, muka sauya mota. A hanya na ga kare da rigar sanyi har da maɓalli. Na ce oh, ƙasar da kare ke sa riga, 'yan mata su hau ƙanƙara ba riga. Wurin wasan wani ƙaton ɗaki ne, sanyinsa ya fi na waje. A ɗakin sauya kaya wata 'yar Baturiya ta wuce ta gabana da hannu a waje har kafaɗa. Tausayi ya kama ni, na kamo hannun zan lulluɓa mata gyalena. Sai na ji yadi. Na murza. Yadi ne! Siriri, launin fatarta sak, tun daga wuya har wuyan hannu, ƙafa ma haka. Ashe duk tsiraicin da na gani a waya ɗinki ne.

Na zauna a benci na yi dariya har da hawaye. Mu muna sa kaya don a ga mun rufe jiki, su suna rufe jiki sannan su wahala don a ga kamar ba su rufe ba.

Sai takwara ta fito da tata rigar gasar. Nan dariyata ta tsaya. Yadin launin fatar Turawa ne, ita kuwa baƙa ce kamar ni. Sai ka ce an ciro hannuwan wata an ɗinka mata. Ta ce, "Ni ma I hate it, Hajiya. Irin shi kaɗai aka samu."

Sannan ta shiga fili. Ku da kuka san ni kun san ba na yabon abin da bai kai ba. Yarinyar nan da take tuntuɓe da takalma a ƙofar gida, tana taka ƙanƙara sai ta zama wata daban. Ta yi baya da baya tana gudu, ta tashi sama ta juya ta dira a kan ƙafa ɗaya, hannu a buɗe, baki har kunne. Tun da na zo ban ga haƙoranta ba sai a nan. Ni sai da na aurar da 'ya'ya kafin a bar ni in zauna a aji. Na san yadda ake ji in an ce maka abin da kake so ba naka ba ne.

Da muka zauna cin abinci na ce wa Nasiru, "Wasan ne ba ka so, ko rigar?"

Ya ce, "Rigar mana, Hajiya. Amma haka ake yin abin, that's the sport."

"Ka tambaya, ko zato kake?"

Ya sosa ƙeya. Muka yi ta ja, har ya ce, "To shi ke nan. In an samu kayan da suka rufe ta, kuma alƙalan gasa suka karɓa ba su rage mata maki saboda kayan ba, ta ci gaba. In aka samu matsala daga kayan, an gama, kada wanda ya sake tada zancen."

Na ce, "Asma'u, ke shaida ce."

Malamar da ke koya mata wasan ta tura mu wurin wata tsohuwar tela a Salford, sunanta Brenda, ni dai Barinda nake ce mata. Ba ta ɗinka komai sai kayan 'yan ƙanƙara. Ɗakinta cike da duwatsu masu ƙyalli a kwalabe kamar mai sayar da alewa. Takwara ce tafinta. Na ce a ɗinka mata doguwar riga har ƙasa mai faɗi, da hijabi har gwiwa, magana ta ƙare. Barinda ba ta yi musu ba. Ta ɗauko takalmin wasan, ta ratsa bakin ƙarfensa ta jikin wani yadi mai faɗi, ya sarƙe nan take. Ta nuna goshinta, ta nuna ƙasa. Na gane ba sai an fassara ba.

Ta zaunar da ni ta ba ni shayi ba ko citta, ta yi mini bayani. Ta ce rigar ɗan ƙanƙara aiki take yi. Dole ta miƙe in an miƙe, ta dawo in an dawo. Dole alƙalai su ga gwiwa da ƙafa, don a nan suke gane ko an dira daidai. Siket ɗin shi ke buɗewa in ana juyi, ya nuna wa na nesa saurin juyin. Launi kuma sai ya dace da kiɗan, tun kafin yarinya ta motsa rigar ta gaya wa mutane irin labarin da za a ba su. Kuma babbar doka: kada komai ya faɗo daga jikin kaya zuwa kan ƙanƙara, ko dutse ɗaya, don zai iya kada wani, kuma maki ake ragewa. Na ce ashe kamar warkin ɗan dambe ne, ba kwalliya kaɗai ba.

Na ce, "To tambaye ta, akwai dokar da ta ce sai hannu ya yi kama da fata?"

Barinda ta ce babu. Dogon hannu, wando har idon sawu, rufin kai da ya kama sosai, duk an yarda.

"To a yi mata yadin da ba ya ƙarya. Wanda kowa zai gani ya san yadi ne."

Ta jawo wani shuɗi mai duhu mai miƙewa. Ina ganinsa na tuna da zanen Asma'u. Muna komawa gida na ce, "'Yata, tsarabar nan da na ba ki, dawo da ita." Ta yi dariya ta ce ai dama ta san kyautata da igiya a jiki. Da Barinda ta ga zanen sai da ta sa tabarau tana shafa shi. Ta ce da shi za ta yi siket, ta bi fararen ɗigon da duwatsu a saman rigar. Sannan ta tambaya ko an wanke shi. Na ce a gaya mata wa yake wanke sabon zane kafin a gan shi a jiki? Wanki ɗaya bugun ya tafi, ƙyallin ya mutu. Ta sake tambaya. Na sake cewa a'a, da ƙarfi. Ta ɗaga kafaɗa.

Ranar da aka gwada rigar, Nasiru ya leƙo ya tsaya yana kallo. Daga wuya har ƙafa a rufe, ɗan kwalin roba ya kama kai tsaf, siket har gwiwa yana walƙiya. Takwara ta juya a gaban madubi ta ce, "Hajiya, ka gani?" Ranar na bar mata "ka" ɗin.

Birmingham a mota muka tafi. Titi lafiyayye ba rami, ba mai tallan gyaɗa, ba wanda zai tsayar da kai, har barci ya gundure ni. Muka yi sallah a wurin ajiye motoci, waya na nuna mana gabas. Muka sauka a Small Heath gidan abokin Nasiru, matarsa Hajiya Bilki 'yar Zariya. Nan kam na sha iska. Masallaci a kowace kwana, mahauta na halal, mata da hijabi suna ciniki da ƙarfi, sai na ji kamar Fagge aka ɗauko aka sa a firji. Na ci shinkafar 'yan Pakistan mai yaji har na yi gumi, karo na farko a ƙasar.

Ana gobe gasa aka ba su damar gwada filin da kayansu. Takwara ta shiga, mutane suka juyo suna kallo. Ina ta hura hanci. Ta tashi sama, ƙafa ta goce, ta faɗi ta zame a kan ɗuwawu. Faɗuwa ba komai ba ce a wurinsu, kullum suna yi. Amma da ta tashi, sai ga wani dogon layi shuɗi a kan farar ƙanƙara, tun daga inda ta faɗi har inda ta tsaya, kamar an ja da alli.

Zanen ya zuba.

Malamarta ta dafe kai. Mai kula da filin ya zo ya tsaya a kan layin yana kallo, ya ce shekarunsa a aikin bai taɓa ganin wannan ba. Malamar ta ce ba ta san abin da alƙalai za su ce ba, amma in haka ta faru gobe, za su iya ɗaukarsa kaya sun zubar da abu a fili. Takwara ta dubi ubanta, idonta ya cika. Nasiru ya buɗe baki: "Hajiya, ai telar ta ce..."

Na ce, "Na ji abin da ta ce. Tada mota."

A kicin ɗin Hajiya Bilki muka kafa marina. Gishiri, da ruwan tsamin nan da suke zuba wa kifi da dankali, da bokiti. Ba a tsoma rigar duka saboda duwatsun gam ne ya riƙe su, sai mutum ɗaya ya ɗaga saman, ɗaya ya wanke siket. Na ce wa Nasiru, "Riƙe nan." Ya riƙe. Na wanke, na zubar, ruwa shuɗi. Na sake, shuɗi. Bilki na ɗebo ruwa tana cewa, "Hajiya, sink ɗina! Landlord zai kashe ni!" Na yi ta yi har kafaɗata ta ƙi ɗaguwa. Sai na ga Likita ya naɗe hannun riga ya ce, "Kawo, Hajiya. Ke riƙe saman."

Na ce, "Kai da kake so a daina?"

Ya ce, "Ba ta wannan hanyar ba."

Ya durƙusa yana cuɗa zane kamar ɗan wanki, takwara na tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa. Da ruwan ya fara fita fari, na ce a ciro mini ƙanƙara daga firji. Na goga siket a kai, na ɗaga, muka taru muna duba ta a gaban taga. Da sauran shuɗi kaɗan. Aka sake wanki, aka sake gogawa. Fara tas. Asma'u ta ce, "To Hajiya, yau dai kin yi wasan ƙanƙarar da kika sani." Rana babu balle a yi shanya, a kan hitar ɗumama ɗaki muka busar, da abin busar da gashi. Ƙyallin bugu ya tafi kam, amma zanen ya yi laushi, in ka kaɗa shi sai ya tashi kamar fuka-fuki.

Ranar gasa na ga riguna. Wata ja wur kamar garwashi, kiɗanta mai zafi. Wata fara, tana shiga fili ta ɓace a cikinsa, na ce Barinda ta yi gaskiya. Wurin tsit, sai ɗan tafi na ladabi kamar ana tsoron tada jariri. Aka kira takwara. Kiɗanta mai sanyi ne, ta tsaya a tsakiya shuɗiya cikin fari, duwatsun na ƙiftawa, sai ka ce an yanko sama an ajiye. Ta fara. Juyin farko siket ya buɗe, na ji wata a bayana ta ja numfashi. Tsalle na farko ta dira. Na gaba ma. Sai wanda ya kada ta jiya. Ta tashi, ta juya, ta faɗi, ta zame.

Duk wurin aka ce "oh". Ni ba yarinyar nake kallo ba. Ƙanƙarar nake kallo.

Fara fat.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga shuɗayen hannuwana na rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji daga unguwa zuwa unguwa. Turawa suka juyo gaba ɗaya: ga wata tsohuwa tana murna jikarta ta faɗi. Bilki na jan zanena tana cewa, "Hajiya, zauna, faɗuwa fa ta yi!" Na ce, "Na gani! Dubi ƙasa!" Takwara ta ji muryata, ta waiwaya ta dubi inda ta faɗi, sai ta kwashe da dariya a tsakiyar fili, ta miƙe ta kama kiɗan inda ya kai. Sauran wasan da dariya ta ƙarasa shi, kuma tafin da aka yi mata a ƙarshe ba na ladabi ba ne.

Ba ta zo ta ɗaya ba, kada wata ta ƙara wannan. An rage mata na faɗuwa. Na kaya kuwa ko ɗigo ba a taɓa ba. Wata 'yar Somaliya da 'yarta ƙarama ta biyo mu har waje tana tambayar wa ya ɗinka.

A hanyar komawa Manchester ba wanda ya tada zancen. Takwara ta jingina da ni ta rufe ido, amma na san idonta biyu. Ina kallon hannuwan Nasiru a kan sitiyari, shuɗi har wuyan hannu, ina tunanin yadda zai duba marasa lafiya da su. Can ya yi gyaran murya.

"Hajiya, in kin koma ki sa a rina wani. Yarinyar nan tsawo take yi, wannan ba zai kai baɗi ba."

Na ji takwara ta matse mini hannu da ƙarfi. Na ce, "Wa za a rina wa? Ai ni hana ta aka kawo ni in yi."

Ya ce, "Ka ji Hajiya kuma."

Daga kafaɗata, ido a rufe, aka ce, "Ki ji, Daddy. Mace ce."

To kun ji asalin lallen. Shekaranjiya na je marina na zaɓi wani, na ce wa mai rinin ya wanke shi sosai har ruwa ya fita fari, kada ma a kai shi wurin bugu. Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce, "Haba Hajiya, wa yake wanke sabon zane kafin a gan shi a jiki?"

Na miƙa masa farcena. Na ce, "Ni."